Jan Balan-balan a Bayan Tanki

Balan-balan ɗin ya kumbura ya miƙe a bakin gorar, ja wur, irin waɗanda suka rage daga bikin ranar haihuwar Citlali. Griselda, uwar Citlali, ta tsaya a kansa da kwandon wanki a ƙugu.

Gorar tana bayan tankin ruwa a saman rufin gida, inda ba mai hawa sai mai shanya. Abin da ke cikinta ba wani sirri ba ne a unguwarsu ta Iztapalapa. Ruwan inabi na kwali, sukari, yis ɗin burodi, sai a rufe baki da balan-balan. Duk a babban kanti ake haɗowa tare da sabulu da shinkafa, ba mai ko ɗaga kai ya dube ka. 'Yan kwanaki kaɗan ya zama giya. Masu shagunan unguwa sun daɗe da daina sayar wa gidan nan ko kwalba ɗaya, amma wa zai hana mutum sayen ruwan inabi?

Ga shi kuma yau Lahadi, ranar da surukarta ke zuwa. Doña Eufemia, uwar mijinta Fidencio, tana ƙasa a tsakar gida tana gasa wainar masara ta tortilla, Citlali na gefenta tana murza ƙullu da hannun nan mai tabo.

Tabon ne mafarin komai. Bara, wata rana da tsakar rana, giya ta sa aka bar tukunya a wuta aka yi barci, yarinyar ta jawo ta. Suna fitowa daga asibiti tsohuwar ta tasa su gaba har coci, gaban hoton Budurwa Maryamu ta Guadalupe, aka durƙusa, aka yi rantsuwar shekara guda ba giya. A bakin ƙofar coci ta faɗi nata, ba tare da ta ɗaga murya ba: ran da aka karya rantsuwar nan, za ta ɗauke jikarta zuwa ƙauyensu a Puebla, kuma kada wanda ya biyo ta.

Doña Eufemia ba ta faɗin abu sau biyu.

Griselda ta ajiye kwandon. A zubar, abin da ya kamata ke nan, yanzu-yanzu. To a ina? Indararon rufin a tsakar gida yake zuba, dab da murhun tsohuwar. Ta ɗaga gorar, ta ji ɗuminta a tafin hannu, tana ta tsuwa a hankali kamar abu mai rai. Warin ya daki hancinta, maƙogwaronta ya bushe. Ta daɗe a haka fiye da yadda ta yi niyya.

Sai matakalar ƙarfe ta yi ƙara.

Ta san takun. Mai nauyi, ba gaggawa. Ta juya za ta cusa gorar cikin wanki, hannunta ya goce, balan-balan ya fice ya yi sama yana fito. Kumfa ta yi ambaliya a kan yatsunta, ta bi siminti, ta miƙe ja-ja-ja ta nufi indararo. Griselda ta sa ƙafa ta tare, ta sa rigar makarantar Citlali ta tare. Kumfar ta riga ta wuce.

Fidencio ya ɗage zanen gadon da ke kan igiya. Ya dubi gorar, ya dubi matarsa.

"Fidencio, don Allah," ta ce. "Mamarka tana ƙasa."

"Na sani, Gris. Ni na je na ɗauko Mama."

Daga tsakar gida muryar tsohuwar ta taso. "Ke Griselda, me kike wankewa ne haka da ja? Warin mene ne wannan?"

Suka ji an ture kujera, suka ji ta ce wa Citlali ta zauna inda take. Matakala ta sake ƙara, wannan karon a hankali, taku ɗaya sai hutu, saboda gwiwoyinta.

"Ba ni," in ji Fidencio.

Griselda ta rungume gorar a ƙirji. Ita kanta ba ta san ta yi ba.

"Gris. Ba ni."

Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta zaci zai wurga ta bayan gida, filin da ake zubar da shara. Maimakon haka ya ɗaga ta, ya rufe ido, ya kafa kai. Tana kallon maƙogwaronsa na hawa da sauka, jan ruwa na bin haɓarsa yana sauka a farar rigarsa ta zuwa coci. Ta kama hannunsa, ya ture ta. Gashin tsohuwar fari fat ya riga ya bayyana a bakin matakala.

Fidencio ya sauke gorar ya sarƙe da tari har hawaye, kamar yaron da aka ɗura wa magani. Bai san yadda ake haɗiye ta ba, don tunda aka haife shi giya ba ta taɓa shiga bakinsa ba. Ya goge haɓa, ya matsa ya tare matarsa da bayansa, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji.

"Tawa ce, kin ji ko? Ni zagi kawai zan sha. Ke ce kika rantse."