Mai Guɗar da Ta Rage

Tun da aka kafa dokar goge hoton duk wanda ya rasu daga finafinan intanet, faifai kaɗai ke riƙe matattu. Shi ma ba a buga shi sai wani mai rai da ya fito a fim ɗin ya dangwala yatsa.

Abin da ya kai Malam Tanimu garin Gumel ke nan. Shi kaɗai ya rage a ɗan kamfaninsa na faifai, kuma wata huɗu ya yi yana cigiyar Iya Laraba, wadda ta rangaɗa guɗa a wani tsohon fim ɗin biki.

"Ai ina da shi a waya," in ji ta da ya same ta, ta miƙo masa.

Ya duba. Ga tabarmi a shimfiɗe, ga kalangu na tashi babu makaɗi, ita kaɗai a tsakar fili tana guɗa.

Sai ya kunna mata nasa tsohon kwafin. Fili ya cika maƙil da jama'a. Iya ta gyara mayafi, ta shiga gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu, Ladidi. Ɗan'asabe, ana ta kiɗa?"

Tanimu ya matso da takardar izini. "Iya, yatsa kawai za ki sa."

"In ka buga, wa zai kalla, ɗan nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Wataƙila ni da ke."

Ta dangwala ba tare da ta dubi takardar ba.

"Mayar da shi baya. Ban gama gaisawa ba."