Tumatir a Cikin Firij

Hantsi bai gama ɗagawa ba Goggo ta tsallako titi da bokitinta, ta tuttule wa tumatir ruwa. Tumatirin a cikin firij yake. Firijin kuwa yana kwance rigingine a ƙofar gida, murfinsa a wangale, cikinsa maƙil da baƙar ƙasa, jikinsa ya sha ragowar shuɗin fentin da mai fenti na ƙarshen layi ya ba ta.

Duk filin ƙofar gidan haka yake. Gadon ƙarfe yana jingine da bango a karkace, kabewa ta nannaɗe shi har sama. Durowoyin kabad a warwatse, wannan nan, waccan can, ɗaya na'ana'a, ɗaya ɗoɗɗoya, ɗaya barkono. Tukwane, kwanuka, butar shayi mai lotsattsen gindi, har da takalman marigayi mijinta, ƙafa ɗaya ta dubi gabas ɗaya ta dubi yamma, kowanne da furensa. Ba abin da ta saya. Iri daga maƙwabta, taki daga mai kiwon kaji, ƙasa kuwa da kanta ta yi ta ɗebowa a daro.

Mutum ɗaya lambun ya tsone wa ido: Auta, ƙanin mijinta. A da abokin wasanta ne, ita ke ɓoye shi a bayan ƙofa in yayansa ya ɗauko bulala. Yanzu ya yi mota, ya yi tumbi, yana so a fasa gaban gidan a fitar da shaguna, tifar yashi kuma ba ta da inda za ta juye sai wannan filin.

Da farko da lallami ya zo. Ya ce zai turo ma'aikata su kwashe mata tarkacen, su kai duk inda take so, ba sai ta wahala ba. Ta ce ta gode, inda suke ya yi musu. Ya dawo da faɗa, ya ce ta mayar da ƙofar gidan ubansa juji. Ta ce ai ko makaho ya san kabewar juji ta fi girma.

Sai ya turo leburori da baro. Suka tarar da Goggo zaune a kan kujera mai ƙafa uku da ta tokare da bulo, matan layin kuma sun bazu cikin tukwane suna tsinkar ganye suna hira. Babban leburan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi shara aka ce ya kwashe, ba a ce masa lambu ba. Ya tafi da barkono cike da aljihu.

Kafin damina ta ja baya, lambun ya yi suna. Ɗalibai kan tsaya su ɗauki hoto. Masu motoci kan rage gudu. Duk wanda ya tambayi Goggo yadda ake yi, sai ta koya masa: a huda gindin kwano don ruwa ya wuce, a fara zuba tsakuwa kafin ƙasa, kada a shafa fenti ta ciki. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba, a matsar mata da wani abu ko da taku ɗaya. Wata rana mai fenti ya ce bari ya miƙe mata gadon nan, karkacewar ta yi yawa, ta kusa maka masa ludayi.

’Yarta ta kira ta a waya tana kuka, ta ce ta bar masa, ta taho wurinta ta huta, mutane suna magana.

"Su yi ta yi," in ji Goggo. "Kunyar ba tawa ba ce."

Da Auta ya ga hakarsa ba ta cim ma ruwa ba, sai ya kai ƙara ofishin tsafta, ya ce wurin ya zama matattarar sauro da ɓeraye. Aka sa ranar zuwa dubawa. Ranar, tun da sassafe ya iso cikin fararen kaya, tifarsa tana fake a kwanar layi, injinta a kunne.

Jami'ar da aka turo matashiya ce mai tabarau. Ta zagaya filin a hankali. Ta leƙa kowace tukunya tana neman kwantaccen ruwa, ta tona ƙasar firijin da yatsa, ta murza ɗoɗɗoya ta shinshina. Mutanen layi sun cika titi. Goggo ba ta tashi daga kujerarta ba, ba ta kuma sauke ido ba.

Can jami'ar ta karkaɗe hannu, ta ce ita ba ta ga sauro ba, ba ta ga ɓera ba, kuma duk yawon da take yi ba ta taɓa ganin ƙofar gida mai kyan wannan ba. Ta ce ofis zai ɗauki hoton wurin ya nuna wa jama'a, kada kowa ya taɓa komai. Sai ta durƙusa gaban Goggo.

"Mama, abin da ya ba ni mamaki shi ne tsarin. Ba abin da ke kan layi, amma kowanne kamar an auna masa wurinsa. Wa ya tsara miki? Dole a sa sunansa a ƙarƙashin hoton."

Goggo ta ɗaga kai ta nemo Auta a cikin taro. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ni ƙasa kawai na zuba, ’yata. Ki rubuta sunan wancan mai fararen kayan. Ranar da ya sa aka watso min kayan ɗakina waje ya garƙame ƙofa, duk inda abu ya faɗi, nan na bar shi."