Sanarwar Rasuwar Tukur

Tun da aka kafa sabuwar dokar, ba a ba ɗan jarida lasisi sai ya ajiye samfurin muryarsa a na'urar Kunnen Ƙasa, hukumar leƙen asiri. Ni ma na ajiye tawa.

Da safe muka binne Tukur, abokin aikina a gidan rediyo. Ni na yi masa wanka, na ga ramin harsashi a ƙirjinsa.

Da azahar jami'in hukumar da ke zama a ofishinmu ya miƙo mini sanarwar da zan karanta a rediyo: "Ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya."

Na ce, "Yallaɓai, matarsa tana saurare. Na yi mata alkawarin faɗin abin da na gani."

"Ba dole, Malam Sagiru. Je ka huta."

Na ajiye takardar na fita. Ban kai bakin titi ba na ji kaina a rediyon mai shayi, ina karanta ta, har da 'yar shessheƙa.

Wayata ta yi ƙara. Balaraba ce, matar Tukur.

"Har da kai, Malam Sagiru?"

Na buɗe baki zan rantse mata, sai na tuna cewa da wannan muryar zan rantse.