Saƙon da Ba Ta Karanta Ba

Sai da takardun shari'ar suka isa hannun abokan ƙara sannan lauyan ya gane ɓarnar da ya tafka. Cikin dubban saƙonnin imel da kotu ta ce a miƙa, ya haɗa har da hirar sirri tsakaninsa da mai kamfanin da yake karewa. Duk wanda ya karanta ta ya gama da su.

Ko karyawa bai yi ba ya nufi ofishin abokan ƙarar, yana harhaɗa kalaman roƙo a hanya. Aka nuna masa ɗakin masu tantance takardu, inda shugabarsu ke zaune gaban kwamfuta, tabarau a karan hanci.

"Ranki ya daɗe, akwai wani saƙo..."

"Na gan shi, Barista. Ina ganin sunanka a sama na rufe. Na cire shi, na hana kowa taɓawa."

Ya saki baki. "Ko layi ɗaya ba ki karanta ba?"

Ta yi dariya. "Wallahi har yatsana ƙaiƙayi yake. Sai da na tashi na wanke kofunan ofishin nan kaf. Amma ba haƙƙinmu ba ne."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya shiga zuba godiya.

"Adana godiyarka," in ji ta, ta mayar da ido kan aikinta. "Sauran da ka aiko, babu wanda ban karanta ba."

Da sauran kuwa aka kayar da shi a kotu. Har yau, duk shari'o'in da ya ci, babu wadda yake ba da labarinta da alfahari kamar wannan da ya faɗi.