Ƙafar Gada

Hajja tana juya waina a titin Mansur maƙwabciyarta ta miƙo mata waya, bidiyo na tafiya.

"Hajja, albishirinki! An yi gada a kogin garinku. Daga duwatsunku zuwa Kamaru minti biyu ne yanzu."

Shekarar Hajja talatin a Makka, ba takardar zama. A garinsu, wanda ruwa ya ci ba a kai shi gida, a bakin kogin ake binne shi. Haka suka binne 'yarta a gindin ɓaure, ranar da kwale-kwale ya kife da ita tana naƙuda, a hanyar asibitin tsallake.

"Mayar baya," in ji Hajja. "Ina ɓauren?"

Babu ɓaure. Ƙafar gada ce a wurin, manyan motoci na bi ta kai.

Wainar ta ƙone.