Baffa Ya Sauka a Mpape

Baffa Musbahu ya ɗaga katifar, kuɗin cizo suka watse. Famfo ba ruwa, fanka sai ƙara ba iska, ƙofa kuma da ƙusa ake rufe ta.

Daga Zariya ya zo binciken Hafizu, mai neman auren 'yar wansa, wanda aka ce yana da otal a Abuja. Gudun rufa-rufa, ya kama ɗaki mai araha a ɓoye.

Da haƙuri ya ƙare, ya kira shi.

"Yaro, zo ka fitar da ni daga kangon nan, ka kai ni naka. Mai wurin nan ko akuya ba zan ba shi kiwo ba!"

"Me sunan wurin, Baffa?"

Ya faɗa masa.

Hafizu ya ce, "Baffa... ai nawan ke nan. A kawo maka bokiti?"