Gwangwanin Goron Iya

Wautata ita ce na ɗauka tsokana magani ce. Kafin ɓarin jikin kakata Iya ya shanye, in na taɓa gwangwanin goronta, daga Madabo har Kabara ake jin ihunta: "Mijin banza, ɓarawon matarsa!"

Bayan ciwon ya same ta, ran nan da la'asar na kwashe goron a gabanta, har da rawa, ina jiran jifa da takalmi. Ko motsi ba ta yi ba.

"Kwashe duka, maigida. Ni me ya rage min?"

Mutanen gida suka ce, "Kai, Iya akwai tawakkali!" Har yau yabon nan yana ƙona min rai, don ba tawakkali ba ne, ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ta daina cin abinci, kafin azumi muka binne ta.